Baurin Inabi Da Baurin Bagaruwa

Ni ɗan majemi ne. Na tashi cikin warin ɗanyar fata da ƙurar bagaruwa, ban taɓa sa giya a bakina ba, ba ni kuma da niyyar sawa. Na faɗi wannan tun da fari don kada mai karatu ya ce ɗalibin Hausa ya zo jami'a ya lalace. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yau shekara biyu ke nan wata jar giya ta ƙasar Italiya mai suna Barolo ta shiga tsakanin mahaifina da yayana, ni kuwa ina tsakiya, don kuɗin makarantata daga can suke fitowa.

Ga yadda abin ya faru. Yaya ya tafi Italiya neman abinci. Bayan ya sha wahalar da ba sai na faɗa ba, ya sami aiki a wata gona kusa da garin Alba, a yankin Piyamonte, arewa maso yammacin ƙasar. Ya ce mana noma yake yi, muka yi murna. Ran nan sai ya aiko da hotuna ta waya, ga tuddai a jere, kowane an ja masa layukan inabi tun daga gindi har bisa. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in tambaye shi, "Wa zai cinye wannan inabi duka?" Yaya ba ya yi wa Baba ƙarya. Ya ce ba ci ake yi ba, matsewa ake yi a yi giya. Baba ya miƙo mini wayar, ya koma kan fatunsa. Tun daga ranar bai ƙara taɓa ko kwabo na Yaya ba. Ni kam ban iya abin da Baba ya yi ba. Da lokacin rajista ya zo na karɓa, na yi shiru.

Shirun nan ya dame ni. Na ce tun da ina cin gumin abin, aƙalla in san ko mene ne shi. Na shiga karatu, ina kuma tambayar Yaya, shi kuma yana tambayar tsohon da yake yi wa aiki.

Barolo sunan wani ƙauye ne, shi aka ba giyar. Doka ba ta yarda a kira giya da wannan suna ba sai an noma inabinta a cikin ƙananan hukumomi 11 da aka ƙayyade, kuma sai da irin inabi guda ɗaya tak, watau Nebbiolo. An ce sunan ya fito daga kalmarsu ta hazo, don ba ya nuna sai cikin watan Oktoba, lokacin da hazo ke rufe tuddan da safe. Inabi ne mai rigima. Shi ne kan gaba wajen toho, shi ne na baya wajen nuna, saboda haka ake ba shi gefen tudun da ya fi samun rana. Yaya ya ce aikin ba ya ƙarewa. Da hunturu suna sassaɓe rassa cikin sanyin da ke sandare yatsu, da bazara suna ɗaure sababbin rassa a jikin waya. Abin da ya fi ba shi takaici shi ne, da tsakiyar zafi akan sa su yanke nonnan inabi masu lafiya su zubar a ƙasa, wai don sauran su tara zaƙi da ƙarfi. Ya ce farkon ganinsa ya ɗauka tsohon ya taɓu.

Idan an girbe, da hannu, akan murje 'ya'yan a zuba ruwan da ɓawon da ƙwayoyin cikin manyan tankuna. Yisti ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Ɓawon kan taso sama kamar kumfa, sai a riƙa danna shi ƙasa ko a janyo ruwan daga ƙasa a kwarara masa, domin daga ɓawon nan ne launi da ƙamshi suke fita. Daga nan sai a juye cikin gangunan katako na wani ƙaƙƙarfan itace da ake kira ok. A nan jira yake farawa. Doka ta ce Barolo ba za ta fita kasuwa ba sai ta yi wata 38, kuma wata 18 daga ciki a cikin katako. Wadda ake kira Riserva kuwa sai wata 62. Maƙwabciyarta Barbaresco, wadda ita ma da Nebbiolo ake yi, wata 26 take yi.

Sauran manyan giyoyin ƙasar ma haka suke da jira. A yankin Toskana akwai Brunello di Montalcino, da inabin Sangiovese zalla, wadda ba a sayarwa sai a watan Janairu na shekara ta biyar bayan girbi. Kusa da birnin Verona kuma akwai Amarone, wadda ake shanya inabinta wata uku zuwa huɗu har ya yanƙwane ya rasa kamar sulusin nauyinsa kafin a matse.

To, abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan. Bayan duk jiran nan, masu abin sun ce har yanzu giyar ba ta isa sha ba. Mai saye zai kai kwalbar ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da duhu, ya kwantar da ita don toshiyarta kada ta bushe, ya bar ta shekara goma, ko ashirin, ko fiye. Na tambayi Yaya me ya sa ba ta lalacewa. Ya ce ya taɓa tauna ƙwayar Nebbiolo ɗaya a gona. Ruwan da zaƙi, amma ɓawon ya ɗaure masa baki, harshensa ya bushe, dasashinsa ya kama. Ya rasa abin da zai kira wannan. Ni kuwa ɗalibin Hausa, nan take kalmar ta zo mini. Ɗaci daban, tsami daban, wannan bauri ne, irin na ɗanyen goro ko na shayin da ya daɗe a wuta.

Da na bi sawun abin a littattafai sai na ga sinadarin da ke kawo baurin sunansa tanin, kuma Turawa sun samo sunan daga kalmarsu ta jima. Jama'a, dangin sinadarin da ke cikin bagaruwar Baba ne! Tanin yana kama abin da ke cikin fata ya ɗaure shi, shi ya sa jemammiyar fata ba ta ruɓewa. Shi ne kuma yake kama miyau ya busar da baki. Shi da tsamin inabin su ne ke tsare giyar shekaru. Sannu a hankali taninin yana haɗuwa da juna, wani ya kwanta a gindin kwalba kamar laka, baurin ya yi laushi, launin ya tashi daga ja ya koma kamar na jan bulo.

Game da ɗanɗano, sai dai in ba da labarin abin da masu sha suka rubuta. Sun ce Barolo ba ta da duhun launi, har mutum ya raina ta a kofi, amma tana ɗaure baki fiye da giyoyin da suka fi ta duhu. Da ƙuruciyarta tana ƙamshin furen wardi da na kwalta, abu biyu da ban taɓa zaton za su zauna wuri ɗaya ba. In ta tsufa sai ƙamshin busassun 'ya'yan itace ya fito, da na ganyen taba, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, da na jemammiyar fata. Har ƙauyuka suna bambantawa: ta La Morra ta fi laushi da saurin isa sha, ta Serralunga d'Alba ta fi bauri da daɗewa, saboda ƙasarsu ba ɗaya ba ce.

Cikin karatun nan na gamu da labarin da ya hana ni barci. A da, mutanen Barolo kan bar ɓawon cikin ruwan wata ɗaya ko fiye, su ajiye giyar shekaru a cikin manya-manyan tsofaffin ganguna masu cin dubban litoci. Manomansu kuwa matalauta ne, da yawa sayar da inabin suke yi ga 'yan kasuwa. A 1976 wani saurayi mai suna Elio Altare ya je yankin Burgundi a Faransa, ya ga manoma irinsa suna zaune da wadata. Ya dawo yana son a rage yawan 'ya'ya a gona, a gajarta tsimin ɓawo zuwa 'yan kwanaki, a kuma yi amfani da ƙananan gangunan Faransa masu cin lita 225, don giyar ta yi laushi da wuri. Mahaifinsa ya ƙi. A 1983 Elio ya ɗauki injin yankan katako ya yayyanka tsofaffin gangunan gidansu. Uban ya cire shi daga gado, ya rasu a 1985, sai daga baya ɗan ya sayi gonar daga hannun 'yan'uwansa. Wasu kuma, kamar Bartolo Mascarello wanda ya rasu a 2005, suka tsaya kan hanyar iyaye har ƙarshe. Yau yawancin masu yin Barolo sun ɗauki wani abu daga kowane ɓangare. Amma sulhun bai iske tsoho Altare da rai ba, wannan kuwa shi ne tsorona game da gidanmu.

Da na je hutu na sami Baba yana dakan bagaruwa. Na karɓi taɓarya, ina daka ina ba shi labari, ban ce masa ina roƙon kome ba. Da na zo kan ƙamshin jemammiyar fata sai ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce, "Watau su saye fatunmu, sannan su jira shekara ashirin don su ji warin majema a kofi?" Ya ɗebi garin bagaruwa ya murza a yatsa, ya tambaye ni, "Wata nawa ka ce?" Na ce 38. Ya ce, "Wanda ya iya wannan jira ba rago ba ne. Ya san aikinsa. Sai dai ya kai haƙurinsa inda bai kamata ba." Na ce, "To Baba, Yaya fa?" Ya ce, "Na san ba ya sha. Amma kai da kake karatu ka san malamai sun ce hanin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba." Ban da abin cewa, don na sani. Sai ya ƙara da cewa, "Kai ma da kake karɓa, na sani. Ban hana ka ba don ba ni da abin da zan ba ka a madadinsa." Wannan magana ta fi mini duka zafi.

Ban iya warware matsalar ba, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa na warware ba. Abin da na samu shi ne na daina yi wa mutanen nan kallon mashaya kawai. Manoma ne masu sana'a, kuma tsohon da Yaya ke yi wa aiki yana cika kwalaben da ya san jikokinsa ne za su buɗe. Ana iya girmama hannun mutum ba tare da an sha abin da ya dama ba, kamar yadda Baba ya yi.

A tuddan nan na Alba ana kuma noman wata irin gyaɗar itace da ake zubawa a cakulan. Yaya ya ce yana neman aiki a irin waɗannan gonaki, ko da kuɗin bai kai ba. Ni kuma na fara koyar da yara da yamma don in rage abin da nake karɓa. Daren da zan dawo makaranta, Baba ya ce in buga masa lambar Yaya. Sun gaisa, ya tambaye shi sanyi, ya ce ya riƙa sa safa. Ba su yi maganar kuɗi ba.

Allah ya shirya tsakaninsu tun Baba yana da rai, amin.