Dokar da ba ta wuce Buruku ba

'Yar yayata ba ta ji harbin ba. Daren da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyensu da ke bakin dajin Birnin Gwari, kowa ya farka a firgice, ita kuwa tana barcinta, domin sanƙarau ya tafi da jinta tun tana shekara huɗu. Sai da uwarta ta kai bakin rafi ta ƙirga 'ya'ya, sannan ta ga babu ɗaya, ta koma da gudu. Allah ya yi da sauran kwana, ta ɗauko ta lafiya.

Wannan ya faru ne a 2021, shekarar da aka sace malamai uku a firamaren Rama. A shekarar ce kuma ni, ina Kaduna, na rubuta labarin dokar masu buƙata ta musamman da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta sa wa hannu, wadda ta kafa hukumar kula da al'amuransu. Na yaba mata ƙwarai. Ban tsaya na tambayi kaina yadda za ta bi hanyar Buruku da Udawa ta isa ga yarinyar gidanmu ba.

A takarda dai ba a bar ta a baya ba. Dokar tarayya da Shugaba Buhari ya rattaba wa hannu a Janairun 2019 ta ba ta ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya ƙware wajen kula da irinta. Jihar Kaduna na da dokar kare yara ta 2018, da hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, da aka kafa a shekarar. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ma ta lissafa masu naƙasa cikin raunanan da za a ɗauke wa kuɗin magani.

Sai dai duk waɗannan dokoki sun ɗauka cewa akwai abubuwa uku: makaranta a buɗe, asibiti da ma'aikaci a ciki, da hanyar da za a bi a dawo. Su ne kuwa abubuwan da rikicin dajin ya fara cinyewa. Katin inshora a asibitin da aka yi wa mutum rajista yake aiki. Idan an garƙame asibitin, kati ya zama takarda. Makarantun kurame da muka sani suna cikin garin Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100, a kan titin da aka yi shekaru ana shigarsa da addu'a.

Bayan sun yi hijira zuwa cikin gari, na kai ta wata firamare. Shugaban makarantar ya karɓe mu da mutunci, ya ce: "Yallaɓai, ba korarta zan yi ba. Amma wa zai yi mata magana?" Ta shekara biyu a bencin baya, tana kwafar abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, ba tare da sanin ma'anar ko kalma ɗaya ba. A rajista ɗaliba ce. Abin da ta iya na maganar hannu kuwa, wani kurma mai gyaran takalma a kasuwa ne ya koya mata.

Yanzu al'amura sun ɗan lafa. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin a Nuwamban 2024, bayan sulhu, motoci na bin hanya, mutane na komawa gonakinsu, ana maganar gyara makarantu da asibitoci. Nan ne fargabata take: a sake gina komai yadda yake a da, a ce masu buƙata ta musamman su jira zagaye na biyu. Alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Shimfiɗa wa keken guragu hanya ya fi araha tun ana zuba harsashi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin jiha ba. A bi mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar, daga Kuyello zuwa Randagi, a ƙirga yaran nan gida-gida, a haɗa da waɗanda harsashi ya naƙasa. A yi musu rajistar lafiya a ƙofar mai unguwa. A horar da malamai 'yan asalin yankin maganar hannu, domin su ne ba sa neman canjin wurin aiki idan hankali ya tashi.

Da Sallar da ta wuce ta tambaye ni da hannu wane aiki nake yi. Na kwatanta mata rubutu. Ta ɗauko littafinta, ta nuna mini shafukan da ta cika, ta daki ƙirji, wato ita ma aikinta ke nan. Na yi murmushi, amma ban iya haɗa ido da ita ba.