Shagon da Ba Shi da Ƙofa

Goro ne ya kawo kakana Agege. Ya hau jirgin ƙasa daga Kano, ya zauna nan yana ɗaura huhu yana turawa Arewa har tsufa ya cim masa. Ni kuwa jarina duka yana cikin jaka ɗaya: wata tsohuwar kwamfuta da na saya a Computer Village, can Ikeja.

Shafukan intanet nake gina wa mutane, ba ni da ubangida, ba ni kuma da albashi. Yawanci da WordPress nake aiki, bayan sallar isha'i, lokacin da hayaniyar gadar Pen Cinema ta ɗan lafa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in an ɗauke wuta nakan ƙirga awannin janareto kamar yadda Kaka ke ƙirga goro. Wani watan aiki uku, wani watan shiru kake ji.

Kwanan baya na yi wa wani dattijo mai sayar da shanu a Oko-Oba shafi. Na nuna masa hotunan bijimansa a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan shagon ina ƙofarsa?" Na ce, "Baba, ba ya rufuwa." Ya yi dariya, ya biya rabi, ya ce sauran sai bayan Babbar Sallah. Ban yi musu ba. Littafin bashin Kaka yana nan a akwatin Inna, har yau da sunayen da ba a soke ba.