Inda Turanci Yake Ajiye Lokaci

Idan aka miƙo mini takardar neman aiki ko rahoton ofis don in duba Turancinsa, aikatau nake fara bi. Mutanenmu masu ilimi sun wadata da kalmomi, har da waɗanda Bature ma sai ya buɗe ƙamus. Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne wurin da Turanci yake ajiye lokaci a cikin jimla.

A jerin kalmomi, harsunan biyu tafiyarsu ɗaya: aikau, sai aikatau, sai karɓau. "Audu ya sayi doki" da "Audu bought a horse" sun jeru daidai da juna. Wannan gata ne babba, domin mai jin Japananci ko Turkanci ya saba da aikatau a ƙarshen jimla, sai ya kwance tsarin gaba ɗaya kafin ya koyi Turanci.

Bambancin yana cikin ƙaramar kalmar nan "ya". A Hausa ita ke ɗauke da lokaci: ya saya, zai saya, yakan saya. Aikatau na Hausa yana sauya kama, amma sau da yawa abin da ya biyo bayansa ne sanadi: ya saya, ya sayi doki, ya saye shi. Turanci kuwa a jikin aikatau yake ɗora lokaci, wakilin suna bai san ma ana yi ba: "he buys", "he bought".

Daga nan kurakurai biyu suke fitowa. Na farko, kunnen Bahaushe bai yarda da suna tsirara a gaban aikatau ba, don haka sai a ji "Audu he came", alhali "Audu came" ta wadatar. Na biyu ya fi yawa a rubutun manya. Turanci sau ɗaya tak yake nuna lokaci, a kan kalmar farko ta rukunin aikatau. Da "did" ta shigo don korewa ko tambaya, ta karɓe shuɗaɗɗen lokaci, aikatau ya koma asalinsa. Shi ya sa "he did not go" take daidai, "he did not went" kuwa ta zama ɗaura rawani a kan rawani.

Akwai kuma aikatau kimanin 200 da ba sa bin ƙa'idar ƙara "ed". "Went" ma asalinta daga wani aikatau ne daban, "wend", aka aro ta aka ba "go". Waɗannan sai hadda, kamar yadda baƙo yake haddace jam'in Hausa: gida gidaje, doki dawaki.

Abin bai tsaya a aji ba. A Nijeriya, rashin kiredit a Turanci yana rufe wa ɗalibi ƙofar jami'a, kuma mai ɗaukar ma'aikata yakan yanke hukunci tun a sakin layi na farko. Shawarar da nake ba ƙannena ita ce, bayan sun gama rubutu su ja layi a ƙarƙashin aikatau na kowace jimla, su tambayi kansu: wace kalma ce ke ɗauke da lokaci a nan, kuma ita kaɗai ce? Aikin minti biyar ne a takarda mai shafi ɗaya.