Ga ƙannen da ke tambayata ta ina ake shiga harkar kwamfuta

Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Duk farkon zango tambaya ɗaya ƙannenmu ke yi mini, a makaranta a Keffi ko in na je gida Panda: "Yaya, ina son shiga harkar kwamfuta, wane kwas zan saya?" Amsata ba ta sauyawa: kada ka sayi komai tukuna. Kuɗin da za ka tura wa wani da ka gani a WhatsApp yana alƙawarin dala cikin wata uku, na san daga inda ya fito. Doya ce ko buhun masara da Baba ya kai kasuwa, ko adashin Inna. Irin wannan kuɗi ba a gwaji da shi.

Abin da mai farawa ke buƙata yana nan kyauta. Jami'ar Harvard ta Amurka ta saki darasinta na farko a ilimin kwamfuta, CS50, wanda David Malan ke koyarwa, kowa na iya kallonsa. Akwai freeCodeCamp. A gida kuma akwai 3MTT, shirin horar da mutum miliyan 3 da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 tare da hukumar NITDA. Darasi kam ya yi yawa. Abin da ke kayar da mu shi ne tsalle-tsalle: wannan makon Python, mako mai zuwa zanen manhaja, jibi an ga wani ya ce tsaron intanet ne ke da kuɗi sai a koma can. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai wata shida. In ka rasa na zaɓa, ka ɗauki Excel, sannan SQL, sannan Python. Babu ofis ko shagon da ba ya fama da lissafi.

Maganar "ba ni da laftof" gaskiya ce, amma ba ta hana farawa. Da wayar Android za ka iya sauke Pydroid 3 ka rubuta Python ko babu intanet. Wahala ce, yatsa zai yi ciwo, amma watanni biyun farko za su wuce a haka, kuma a nan za ka gane ko abin yana ranka kafin a sayar da akuya. In lokacin saye ya zo, ta hannu ta isa: Core i5, RAM 8GB, da SSD. Ka fi matsa wa batir, domin mu da wuta ke zo mana kamar baƙuwa, kwamfutar da ke mutuwa da zarar an cire caja ado ce kawai. Ko a Banex da ke Abuja za ka saya ko a hannun aboki, ka tafi da wanda ya san kan abin. Data ma ta ƙara tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, don haka ka riƙa sauke bidiyo da datar dare, ka kalla da rana.

To, ga inda na fi son ku tsaya. Satifiket ba ya nuna ka iya. Abin da ka gina, wani ya yi amfani da shi, shi ke nunawa. Kuma wanda zai yi amfani da shi yana gidanku.

Ni kawuna ne. Yana sayen hatsi a wajen manoman ƙauyukan da ke kewaye da Panda, yana ba wasu bashin taki da damina su biya da amfanin gona da kaka. Duk lissafin yana cikin wani littafi mai baƙin bango da kuma kansa. A wani dogon hutu na roƙe shi ya bar ni in kwashe littafin cikin Excel. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, ga shi nan, in ka ɓata mini kai za ka biya."

A littafin nan na koyi abin da darasi goma bai koya mini ba. Mutum ɗaya an rubuta shi da suna uku: sunan yanka, laƙabi, da sunan ƙauyensu. Mutum biyu kuma suna ɗaya, sai da na sa wa kowa lamba. Wani ya biya da mudu, wani da buhu, buhun ma ba duka girmansu ɗaya ba, ga farashin mudu na watan girbi daban da na bazara. Sai na ware shafin mutane daban, na bashi daban, na biya daban, lamba ta haɗa su. Daga baya da na shiga SQL na tarar ainihin abin da ake koyarwa ke nan, sai dai su da misalin kantin Turawa. Kawu kuma ya kafa sharaɗin da babu a kowane bidiyo: dole abin ya buɗe a wayarsa ko sabis ya ɗauke, kuma rubutun ya zama da Hausa, manya-manya. Ranar da ya tambaye ni nawa yake bin mutanen wani ƙauye gaba ɗaya na ba shi amsa kafin ya ajiye kofin shayi, sai ya yi shiru, can ya ce in nuna wa yaron shagonsa yadda ake shigarwa. Har yau bai jefar da littafin ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kada ka rena irin wannan aiki. Paystack, da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, matsala ɗaya ya kama: yadda ɗan kasuwar Najeriya zai karɓi kuɗi ta intanet. A 2020 kamfanin Stripe ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200. Ba cewa nake littafin kawu zai kai can ba, wallahi ko kusa. Amma ku tuna ƙarancin takardun naira na farkon 2023, yadda mai shayi da mai nama suka koma karɓar taransifa dare ɗaya. Mutanenmu suna karɓar fasaha in ta warware musu abin da ke damunsu. Islamiyyar unguwarku tana da rajistar ɗalibai, mai kemis yana da magungunan da ke lalacewa bai sani ba, ƙungiyar matan adashi tana rigima a kan wa ya zuba wa bai zuba ba. Wanda ke zaune a Legas bai san waɗannan ba, kai ka sani.

Hausar bakinka ma jari ce. Masu bincike irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da ƙungiyar HausaNLP suna aikin koya wa kwamfuta fahimtar harshenmu, kuma Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga kowa. Sai dai kada wannan ya sa ka saki Turanci. Bayanin kowace manhaja da shi aka rubuta, saƙon kuskure ma da shi yake fitowa.

Batun ChatGPT kuwa, tun fitowarsa a ƙarshen 2022 ƙananan ayyukan da ake ba masu farawa sun ragu, ba zan ɓoye muku ba. Ka yi amfani da shi ya yi maka bayani, amma layin da ba za ka iya fassara wa abokinka ba, kada ka saka shi a aikinka. A intabiyu ba ya zama kusa da kai.

'Yan uwa mata, wannan harka ta fi yawancin sana'o'i dacewa da wadda ba ta son yawan fita. Kada ki bari a rukunin aiki a mayar da ke mai rubuta rahoto kawai, ki karɓi kwamfutar ki taɓa da hannunki.

Sai gargaɗi guda. Duk wanda ya ce ka ba shi aron asusun bankinka ko lambar BVN a turo kuɗi ya ba ka kaso, wai shi ma harkar kwamfuta yake, ka guje shi ko ɗakinku ɗaya. In EFCC ta biyo sawu, sunan da ke kan asusun take nema, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta san "taimako na yi" ba.

Masu zuwa SIWES, daga Keffi zuwa Abuja tafiyar kamar awa ɗaya ce in cunkoson Mararaba ya yi sauƙi, gatan da ɗalibin Gashua ko Birnin Kebbi bai samu ba. Kada ka nemi inda za a sa maka hannu a littafi kana kwance a gida. Ka fara nema tun zango ɗaya kafin lokaci, ka ɗora ɗan aikinka a GitHub, kuma in ka je ofishin ka buɗe shi a waya ka nuna musu kafin su tambayi takarda.