Lambar da ke Tsallaken Iyakarmu: 655,957

Mu 'yan Bagudo mun san sefa tun muna ƙanana. Iyayenmu da yayyenmu na kai kaya Tsamiya da Lolo, wasu su tsallaka har Segbana a ƙasar Benin, su dawo da ita a aljihu. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa wata lamba ce ke riƙe da darajarta: 655,957. Yuro 1,000 daidai yake da sefa 655,957, kuma haka abin yake tun ranar 1 ga Janairu, 1999.

Daga ina ta fito? A 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50. Da yuro ya zo, aka tsayar da shi a kan faran 6.55957. A ninka wannan sau 100, an sami sefa 655.957 a kowane yuro.

A kulob ɗinmu mun ɗauki alli mun gwada halinta. Ba ta rabuwa da 2, domin da 7 ta ƙare. Idan aka tara lambobinta, 6+5+5+9+5+7, za a sami 37, don haka ba ta rabuwa da 3 ko 9. Da 5 kuwa saura 2. Wannan na nufin ko da dala aka ƙirga ta, yadda 'yan kasuwa ke ƙirga sefa biyar-biyar, za a sami dala 131,191 da ragowar sefa 2.

Abin da ya fi burge mu shi ne maƙwabciyarta. A cire 1, ta zama 655,956, wato 2×2×3×3×7×19×137. Shi ya sa duk wanda ya raba 655,957 da 2, 3, 4, 6, 7, 9, 19 ko 137, saura 1 zai samu.

Amfaninta bai tsaya a allo ba. Naira na hawa da sauka, sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Wanda ya ji farashin yuro a rediyo zai iya lissafa na sefa da kansa. Misali, in yuro ya kai naira 1,640, a raba da 656: sefa ɗaya kusan naira 2.5 ke nan, jaka guda kuma naira 2,500. Ɗan canji zai ɗora ribarsa, wannan haƙƙinsa ne. Amma in bambancin ya yi yawa, ɗalibin da ya iya rabawa zai iya ceton kuɗin buhun shinkafar mahaifinsa.

Ga aiki ga 'yan ajin ƙarshe: shin akwai lambar da ke raba 655,957 ba saura, ban da 1 da ita kanta? Ba sai kun wuce 809 ba, domin 810×810 ya zarce ta. Ku kawo amsa ga kulob, mu liƙa ta a nan da sunan ajinku.