Na Ce Sa'a Ce, Ban Ƙirga Ba

Masu kallon ƙwallo suna da wata gardama da ba ta tsufa: wane koci ne ya ɗauki kofi alhali bai iya komai ba? A fadojin Tawa, da zarar shayi ya kai na biyu, sai ka ji an jawo sunan Roberto Di Matteo, wanda ya ci Kofin Zakarun Turai da Chelsea a Mayun 2012, aka sallame shi a Nuwamban shekarar. Kowa da nasa gwanin rashin iyawa. Ni nawa ɗan gida ne, Harouna Doula Gabde, wanda ya horar da Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, kuma na yi shekaru ina kiran sunansa a wannan sahu da babbar murya. Na zalunce shi, na kuma zalunci wani bawan Allah da ya fi shi kusa da ni.

Lokacin ina koyarwa a makarantar firamare a Tebaram. Hujjar da na riƙe guda ce, wato abin da ya faru ranar 8 ga Oktoban 2011. A ranar, a share fagen Kofin Afirka, Masar ta lallasa Mena da ci 3 da nema a Alƙahira. Can a Nelspruit kuwa, Afirka ta Kudu ta tashi canjaras da Saliyo, ƴan wasanta suka shiga rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ya ba su gurbi. Ashe dokar gasar ba haka ta ce ba. Ƙasashe uku sun yi kunnen doki da maki 9, don haka aka duba sakamakon wasannin da suka yi tsakaninsu, Nijar ta fito a sama. A karon farko a tarihi muka samu shiga gasar Kofin Afirka. Gari ya ruɗe da murna, ni ma na yi, amma kafin a kwana na fara cewa kuskuren wasu ne ya kai mu, ba iyawar kocinmu ba.

A Disamban shekarar hukumar CAF ta zaɓi Doula gwarzon koci na Afirka a bikin da aka yi a Akara. Maimakon in yi alfahari, sai abin ya ba ni haushi. Da aka je Libreville a Janairun 2012, Gabon ta ci mu 2 da nema a wasan farko, aka miƙa ragamar ƙungiya ga Bafaranshe Rolland Courbis, wanda dama aka kawo a matsayin mai ba da shawara. A makon nan na buga waya wani gidan rediyo a Tawa, cikin shirin wasanni da ake sauraro har ƙauyukanmu. Na faɗi sunana da garinmu, na ce tun da aka fara ba da wannan kyauta ba a taɓa ba wa koci mai rauni irin namu ba, sa'a ce kawai, kuma sai Bature ne zai iya da Mena. Kashegari na maimaita wa ƴan ajina na CM2, har da zana musu jadawalin rukunin a allo. Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu ɗaya mai ban haushi, duk a hannun Baturen, amma wannan bai sa na dawo da maganata ba. Na ce ɓarnar da aka riga aka yi ce.

Da a nan na tsaya, da laifin bai wuce na baki ba. A garinmu akwai wani tela, ya girme ni nesa, Yaya nake ce masa. Shi ke horar da samari bayan la'asar. Shi ke zuba toka ya fitar da layin fili, shi ke bi shago-shago yana tara dala-dala a sayi ƙwallo, in ta fashe ya zauna da basilla ya ɗinke ta. Ba ya jin Faransanci, bai san sunayen tsare-tsaren wasa ba. Ya dai san yaron da bai karya kumallo ba, ya san uban da za a je a roƙa kafin ya saki ɗansa daga gona da wuri. A hutun damina na shekarar yaransa suka ci kofin da ake bugawa tsakanin ƙauyukan yankin, kuma da bugun fanareti suka ci wasan ƙarshe. Ni ne na laƙaba masa Doulan Tebaram, kuma ba da nufin yabo ba. Na zuga samari cewa wanda ya ci kofi da fanareti bai ci komai ba, na nuna musu wani matashi da ya dawo daga Abijan, mai iya faɗin 4-3-3 da sunayen kociyoyin Turai. Maganar mushe, wato malamin makaranta, tana da nauyi a ƙauye. Suka bi ni. Yaya bai ce uffan ba, ya kawo ƙwallo da usur ya ajiye, ya koma kan kekensa. Da aka gama girbi matashin ya koma cin rani, ƙungiya ta watse.

A Oktoban 2012 Gernot Rohr ya fitar da Gini, Mena ta sake zuwa Kofin Afirka, har ta samo makinta na farko da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a 2013. Na ɗauki wannan a matsayin shaida, na rufe littafin.

Sai Janairun 2023, gasar CHAN a Aljeriya, ta ƴan wasan da ke taka leda a gida. Doula ne kuma a bakin fili. Nijar ta yi canjaras da Kongo, ta doke Kamaru, sannan ta fitar da Gana da ci 2 da nema, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A Tawa na kalli wasan Gana, a wata fada, kusa da wani tsohon ɗalibina da ya zama magidanci. Ana tashi wani ya ce lallai tsohon nan ya san aikinsa. Ɗalibin nawa ya girgiza kai, ya ce, “Ina! Sa'a ce. Mutumin nan bai taɓa iya komai ba. Ga Mushe nan ku tambaye shi, shi ya koya mana tun muna lakwal.” Ba gatse yake yi ba. Ya juyo yana kallona da girmamawa, yana jiran in gaskata shi.

Na kasa magana. Kalmomina ne, ko harafi bai sauya ba, har da yadda nake jan “sa'a” ɗin. Na ji su daga bakin wani, a daren da idona ya ga ƙungiya mai tsari ta hana Gana sakat, sai suka fito mini tsirara. Yaron nan bai taɓa auna Doula da kansa ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu malaminsa ya ba shi hukunci a dafe, ya haɗiye, ya girma da shi, gobe kuma zai ba ƴaƴansa. Kunyar da ta kama ni ba ta ƙwallo ba ce kawai. Na tuna cewa a allon da nake koya musu lissafi na koya musu yanke hukunci ba tare da lissafi ba.

Da na isa masauki na ɗauki littafin rubutu na jera wasanni shida na wancan share fagen, abin da ban yi da gaskiya ba ko ranar da na zana su a aji. Oktoban 2010, a filin Seyni Kountché, Mena ta ci Masar 1 da nema, Moussa Maazou ya jefa ƙwallon. Masar ɗin da ke riƙe da kofin 2006 da 2008 da 2010, ƙarƙashin Hassan Shehata. An ci Saliyo 3 da 1, an ci Afirka ta Kudu 2 da 1, duk a Yamai. A tsakanin ƙasashe ukun da suka yi kunnen doki, Nijar na da maki 6, sauran biyun 5 kowacce. Dokar da ta ba mu gurbi a rubuce take tun kafin a buga wasan farko. Na ƙara da CHAN ta 2011 a Sudan, inda Doula ya fitar da Najeriya a share fage, ya kai zagayen ƙungiyoyi takwas, masu masaukin baƙi suka cire shi da fanareti. Lura da wannan: da fanareti ya cire shi na ce gazawa ce, da fanareti ya ba Yaya kofi na ce ba nasara ba ce. Ma'aunina ya karkata tun kafin in ɗora komai a kai.

Sa'a ta taka rawa, ba na musu. Da Afirka ta Kudu ta san doka, da ta nemi ci ruwa a jallo, ƙila ta samu. Amma ruwan sama kan gonar kowa yake sauka, wanda ya yi shuka da noma shi ke ɗaure dami. Shi ma Pitso Mosimane, kocin da ya yi wancan kuskure, daga baya ya ci Kofin Zakarun Afirka da Mamelodi Sundowns a 2016, ya ƙara biyu da Al Ahly a 2020 da 2021. Da an yi masa hukunci da yammaci ɗaya, kamar yadda na yi wa namu, da an ce bai iya ba. Doula yana da nasa raunin: bai ci wasa ko ɗaya a waje ba a wancan share fage, kuma Aljeriya ta zura masa 5 kwanaki kaɗan bayan wasan Gana. Wannan suka ce da za a iya yi da hujja. Tawa sukar daga wani wuri ta fito, wurin da ban so in leƙa ba: zuciyata ta ƙi yarda cewa ɗan ƙasa, mai kama da ni, zai iya abin da nake jin sai baƙo.

Na koma Tebaram na sami Yaya a shagonsa, ido ya fara rauni, almajirinsa ke zura masa zare a allura. Na durƙusa na ce, “Yaya, ni na raba ka da yaranka, ka yafe mini.” Ya ce, “Mushe, ai na yafe tun tuni. Yaran ne dai ban so suka watse ba.” Na roƙe shi ya dawo fili, ya ce ƙafa ba ta ɗaukarsa yanzu.

Ɗalibaina na wancan aji, da duk wanda ya ji muryata a rediyo a Janairun 2012, na janye abin da na faɗa. Harouna Doula Gabde shi ne kocin farko da ya kai Nijar Kofin Afirka, kuma da aikinsa ya kai ta. Samarin Tebaram kuwa, in kun tashi haɗa ƙungiyar hutun bana, ku fara biyawa ta shagon Yaya ku nemi shawararsa.