Ƙoƙon Kava A Ƙasar Fiji

Idan baƙo ya sauka a ƙauye a ƙasarmu, akan kai shi ya yi gaisuwa wurin mai gari, sau da yawa da ɗan goro a hannu. Na tarar da al'ada mai kama da wannan a wani wuri mai nisan gaske, wato ƙasar Fiji, a tsakiyar Tekun Pasifik. Tsibirai ne fiye da 300, mutanensu kuwa wajen 900,000 ne. Ingila ta mallake su tun 1874, suka sami mulkin kai a 1970.

Su ba su da goro. Abin da su ke da shi saiwar wani tsiro ne mai suna kava, amma a harshensu yanggona su ke ce da shi. Dangin masoro ne. Ba ya yin iri, sai a yanki kara a dasa kamar rogo, a jira shekara 3 zuwa 5 kafin a tona.

Mai masaukina, wani malamin makaranta, ya ce zai kai ni ƙauyensu a kan tsibirin Viti Levu. Kafin mu tashi daga Suva, babban birnin ƙasar, ya hau da ni bene a kasuwa, muka sayi ƙunshin busasshiyar saiwa. Ya ce, "Ɗan'uwa, ba a shiga gari hannu sake. In ba ka kai wannan ba, kai mai wucewa ne kawai."

Da muka isa bakin gari na tuɓe hulata, gama a wurinsu rashin kunya ne baƙo ya rufe kai a cikin ƙauye. Na ɗaura zane kamar yadda mazansu su ke yi. Muka bar takalma a ƙofa, muka shiga babban ɗaki a sunkuye, muka zauna a tabarma. Malamin ya ajiye ƙunshin a gaban sarki, ya faɗi ko ni wane ne da inda na fito. Wannan gaisuwa ita ce sevusevu. Kakakin sarki ya ɗora hannu a kan saiwar, ya sa mini albarka ni da iyalina da ƙasata, jama'a suka tafa hannu.

Sa'an nan na ji ƙarar turmin ƙarfe a waje, samari suna daka. Aka kawo garin, aka zuba shi cikin ƙyalle, aka yi ta matsawa da ruwa a wani babban akushi mai ƙafafu da a ke kira tanoa. A jikin akushin akwai igiyar zaren kwakwa mai farin wuri, an miƙe ta tana fuskantar sarki. Sa'ad da igiyar ta ke miƙe ba mai tsallake ta.

Sarki ne ya fara sha, sai kakakinsa, kana aka zo kaina. Wani saurayi ya durƙusa, ya miƙo mini ƙoƙon ɓawon kwakwa da hannu biyu. Na tafa sau ɗaya, na ce "Bula," wato rai da lafiya, na shanye a tashi ɗaya, aka tafa sau uku. Ya ku masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, abin ba daɗi. Kamanninsa kamar ruwan rafi da damina, ga ɗanɗanon ƙasa da ɗan yaji, harshena kuma ya yi nauyi. Ba giya ba ne, ba ya sa faɗa, sai dai ya saki jiki ya kawo barci. Amma da na ajiye ƙoƙon, wani tsoho ya dube ni ya ce, "Yanzu kai ɗan garin nan ne."

A zamanin dā al'amarin ya haɗu da addinin kakanni. Bokayen gari sukan miƙa yanggona ga gumaka a ɗakin tsafi kafin yaƙi ko shuka, sarakuna da manya ne kawai su ke sha. Masu wa'azin Methodist biyu, William Cross da David Cargill, sun sauka a tsibirin Lakeba a 1835. Babban sarki Cakobau ya karɓi bishara a 1854, jama'a da yawa suka bi shi. Ɗakunan tsafi suka rushe, amma akushi ya zauna. Har yanzu naɗin sarki ba ya cika sai ya sha ƙoƙonsa a gaban jama'a. Da shi aka marabci Sarauniya Elizabeth a 1953, da Paparoma John Paul na Biyu a 1986. Indiyawan da Turawa suka kawo aikin rake daga 1879 zuwa 1916, jikokinsu ma sun koyi zama a bakin akushi tare da maƙwabtansu.

Abin da ba zan manta ba kuwa ya faru ne a dare na uku. Waɗansu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, sun daɗe ba sa ga maciji saboda iyakar gona, har matansu sun daina gaisawa a hanyar sujada. A daren nan ƙanen ya zo da danginsa, da ƙunshin saiwa, da tabua, wato haƙorin wata ƙatuwar dabbar teku wanda su ke girmamawa ƙwarai. Ya zauna ƙasa, kai a sunkuye, bai ce uffan ba. Kawunsa ne ya yi magana dominsa, ya amsa laifi, ya roƙi a binne maganar. Ɗakin ya yi tsit. Kowa ya sani wan yana da iko ya ƙi. Can sai ya miƙa hannu ya karɓa. Aka yi addu'a, aka dama, suka sha da ƙoƙo ɗaya, mata suna share hawaye a bayan ɗaki.

Amma kome ya yi yawa ɓaci ya ke yi. Matar mai masaukina ta yi mini kuka a kan mazan da su ke raba dare a bakin akushi, gari ya waye ba su iya ɗaukar adda su tafi gona, kuɗin makarantar yara kuwa ya tafi wajen sayen saiwa. Masu yawan sha fatarsu takan bushe ta yi ɓamɓaroki. Shugabannin ikkilisiya sun sha jan kunne a kan wannan. Ta ce, "Kakanninmu sun sha domin su gyara gari. In ya raba uba da 'ya'yansa, me aka gyara?"

Ran da zan tashi aka sāke damawa domin sallama, gama wanda aka karɓa da ƙoƙo ba ya fita gari a ɓoye. A cikin mota na yi ta tunanin ƙanen nan. Saiwar da ya kawo irin tawa ce, kowa yana iya sayenta a kasuwa. Abin da ya yi masa wuya shi ne tafiya daga ƙofarsa zuwa ƙofar wansa, taku kaɗan ne kuwa. Mai karatu, ko akwai ƙofar da ka daɗe kana kauce mata? Goro yana nan a kasuwa.